Gwanintar da ke Bayan Murfin Soket

A Daura, da zafin Afrilu ya kankama, fanka da firji ba sa hutawa muddin KEDCO ta kawo wuta. A lokacin ne soket ke tona asirin wanda ya ɗaura shi. Na aikin gaggawa sai ya ɗauki zafi, bakinsa ya yi baƙi, ɗaki ya cika da ƙaurin roba. Na gwani kuwa ya yi shekaru ba a ko tuna da shi ba.

Gwanin mai gyaran wuta ba ya taɓa komai sai ya kashe babban makunnin gida, ya duba ko akwai janareta ko sola a kan layin, sannan ya sa tasta ya tabbatar. Idan ya buɗe murfi, launin waya ne ke yi masa bayani: ruwan ƙasa, ko ja a tsofaffin gidaje, ita ke ɗauke da wuta; shuɗiya ko baƙa ita ke mayar da ita; mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta idan ta zubo a jikin firji, kafin ta ja mutum. Ya kan feƙe bakin waya daidai gwargwado, ba ya yanke ko sili ɗaya na tagulla, ya ɗaure ta tamau, ya ɗan ja ya ji ba ta motsi. Wannan ɗaurin, a ganina, shi ne rabin sana'ar, domin waya mai sako-sako ita ke tartsatsi a ɓoye har ta ta da gobara.

Ya san kaurin waya kamar yadda tela ya san yadi. Mai milimita 1.5 ta ƙwan fitila ce, mai 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki kuwa a ja mata nata layin. Soket mai amfiya 13 a kan wutarmu ta bolt 230 ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 3,000 ko kusa da haka, don haka ba zai yarda a haɗa dutsen guga da hita a wuri ɗaya ba.

Ƙasar Daura tana da nata lamari na daban. Iyakar Nijar na nan kusa, a Kwangwalam ta Mai'adua, kuma kaya na shigowa. Nijar tsarin Faransa ta gada, fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu. Mu kuma na Ingila, mai ƙafa uku. Shi ya sa za ka ga ana cusa tsinke a ramin sama na soket don a buɗe na ƙasa. Ƙyauren da ke rufe ramukan ƙasan an yi shi ne saboda yatsun yara, kuma gwani ba ya wasa da shi. Sai ya yanke baƙon fulogin, ya sa mai ƙafa uku da fis a ciki, magana ta ƙare.

A makunni ma ana gane shi. Kan waya mai wuta yake ɗora shi, don idan an kashe fitila, mai canza ƙwai ya tsira. Ya kan sa wa tsohuwa makunni biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a gefen gado, kada ta yi lalube cikin duhu. A gidan ginin ƙasa kuma ya bi da waya cikin bututu, nesa da inda damina ke jiƙa bango.

Maigida, idan za ka sabunta soket ɗin gidanka, nemi mai shaidar hukumar NEMSA, ka saya masa wayar tagulla ta gaske, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.