Shiga Cikin Labari Ba Shi Ne Ɗaukar Nauyinsa Ba

A shekarar 2011 kamfanin wasan kwaikwayo na Punchdrunk, wanda Felix Barrett ya kafa a Ingila, ya karɓi wasu tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya a birnin New York ya mai da su otal na ƙarya mai suna McKittrick. A nan suka shirya Sleep No More, wanda suka ɗauko daga Macbeth na Shakespeare. Babu kujera, babu dandamali. Ana ba kowane ɗan kallo farin abin rufe fuska, a hana shi magana, a sake shi cikin ɗakuna kusan 100. Yana iya bin ɗan wasa a guje har saman bene, yana iya tsayawa ya buɗe aljihun tebur ya karanta wasiƙar da ke ciki. An yi ta wannan wasa har farkon 2025.

Yanzu ko'ina ka juya, masu fasaha suna alkawarin nutsar da kai cikin aikinsu. Wasu da gini suke yi, wasu da tabarau na VR, na'urar da ake ɗaurawa a ido ta kewaye mutum da hoto ta kowace fuska. Ina son wannan fasaha ƙwarai, shi ya sa kirarin da ake yi mata yake damuna. A 2015 mai shirya fim Chris Milk ya kira VR injin da ke sa mutum ya ji abin da ɗan'uwansa yake ji. Shi da Gabo Arora suka yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya fim ɗin Clouds Over Sidra, game da wata yarinya 'yar Siriya mai shekara 12 a sansanin Za'atari na ƙasar Jodan. Fim ne mai taɓa zuciya. Amma wanda ya sa tabarau na 'yan mintuna ya san zai cire, ya san akwai abinci a gida, ya san fasfonsa yana aljihu. Abin da ya sa gudun hijira ya zama azaba shi ne rashin sanin ranar ƙarewarsa, kuma wannan ba ya shiga cikin na'ura.

Aikin da na ga ya fahimci wannan iyaka shi ne Carne y Arena na Alejandro González Iñárritu, ɗan Meziko, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Cannes a 2017. Mutum ɗaya ake shigarwa a lokaci guda. Da farko yana zama a wani ɗaki mai tsananin sanyi, irin wanda ake tsare baƙin haure a iyakar Amurka, ya cire takalmi da safa, ga takalman da aka tsinto a hamada zube a gefensa. Daga nan ya taka yashi da tafin ƙafarsa, a ɗaura masa tabarau, ya tsinci kansa cikin ayarin masu ƙetare hamada da dare, jirgi mai saukar ungulu yana haske su, jami'ai suna daka tsawa. Minti shida da rabi ne kawai. Duk inda ya tsaya, ba ya iya ɗaga wanda ya faɗi. Sai a ɗaki na ƙarshe ya ga fuskokin mutanen na gaskiya da labarin kowannensu a rubuce. A wurina wannan ɗakin shi ne zuciyar aikin, domin a nan ake mayar wa masu labari labarinsu. Ɗan kallo ya fito ya san cewa baƙo ne, kamar mai zuwa ta'aziyya: ya zauna, ya saurara, bai ce shi aka yi wa rasuwa ba.

Rufe fuska kuwa yana da nasa haɗarin. A 2018 wasu ma'aikatan Sleep No More sun bayyana cewa akwai 'yan kallo da suka riƙa taɓa jikinsu ba da izininsu ba. Idan aka ce wa mutum babu mai ganinsa kuma komai na ɗakin nasa ne, wani zai manta cewa ɗan wasan nan mutum ne da ke bakin aikinsa.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. A 2019 Joel Kachi Benson, ɗan Najeriya, ya ci kyautar labarin VR a bikin fina-finai na Venice da fim ɗinsa Daughters of Chibok, kan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014. Bai sake shirya daren satar ba, bai sa mu gudu cikin daji don gabanmu ya faɗi ba. Ya zaunar da mu kusa da uwa ɗaya mai jiran 'yarta, a gidanta da gonarta, ita ke magana. Na yaba wannan kunyar tasa, domin da ya zaɓi ƙarar bindiga da ya fi saurin jan kallo.

Wasu za su biyo bayansa da kyamara zuwa Borno da Zamfara da Diffa, tunda kayan aikin suna ƙara araha. Abin da nake roƙonsu shi ne su yi wa mutanen da za su ɗauka bayani da harshensu cewa baƙi a wata ƙasa za su tsaya a tsakar gidansu su leƙa har cikin ɗaki, su nemi yardarsu a kan haka. In an gama, su koma garin da tabarau su fara nuna musu kafin kowa, kuma a rubuta rabon masu labarin cikin yarjejeniya tun ba a kunna kyamara ba.