Bin Sawu a Cikin Zuciyar Waya

Wayar da ke aljihun mai albasa a Galmi, ko ta direban da ke jiran lodin siminti a Malbaza, in dai Android ce, kanel ɗin Linux ne ke tafiyar da ita, kuma furosesar da ke cikinta ƙirar ARM ce. Ranar da ta yi nauyi, ko ta riƙa ɗaukar zafi tana shanye caji ba dalili, sai a kai ta wurin masu gyara a kasuwar Birnin Ƙonni. Mai gyara zai buɗe bayanta, ya ɗora mita ya auna batir, ya duba ko ruwa ya taɓa ta. In ƙarfe lafiya yake, magana ɗaya ta rage: a yi mata filashin. A share komai a zuba sabo. Sau da yawa wayar takan warke, amma daga mai ita har mai gyaran babu wanda ya ga abin da ya same ta.

Alhali akwai hanyar gani, kuma a cikin kanel ɗin kansa aka gina ta. Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke riƙe da na'ura. Shi ke raba wa kowace manhaja lokacinta a kan furosesa, shi ke ba da wurin ajiya ya karɓe, shi ke magana da allo da kyamara da eriya. Linus Torvalds ya fara rubuta shi a Helsinki a 1991, yau kuwa ya zama tarin ƙananan gaɓoɓin aiki, kowace da sunanta, wannan ta kira waccan, waccan ta kira wata. A 2008 aka shigar da ftrace cikin fitowa ta 2.6.27, aikin da Steven Rostedt ya jagoranta bisa harsashin da Ingo Molnar ya aza. Manufarsa ita ce bin sawun gaɓoɓin nan: wace ce aka kira, wa ya kira ta, a wane lokaci. Ba da jimawa ba Frédéric Weisbecker ya ƙara sashen da ke rubuta har lokacin fita, ta yadda za a san tsawon zaman da aka yi cikin kowace gaɓa.

Wanda ya san ƙofar masana'antar simintin Malbaza zai gane dabarar. A ce an ajiye mai gadi da littafi, duk motar da ta shiga ya rubuta lambarta da lokaci, in ta fito ya sake rubutawa. Da yamma littafin zai nuna inda aka yi jinkiri. Matsalar ita ce ƙofofin kanel ba ɗaya ba ce, a manyan kwamfutoci sukan wuce dubu talatin, kuma ana ratsa su sau miliyoyi cikin daƙiƙa. In kowace ƙofa ta tsayar da mai wucewa, na'urar ta durƙushe ke nan. Don haka duk gwanintar wannan sana'a ta taru ne a kan tambaya guda: yaya za a bar gurbin mai gadi a kowace ƙofa, ba tare da an biya komai ba ranar da ba ya nan?

Amsar da aka samo ita ce kanel ya riƙa sauya rubutun kansa yana cikin gudu. Manhajar GCC, wadda ke juya rubutun mutane zuwa harshen na'ura, tana saka kira a farkon kowace gaɓa. Da an kunna na'ura, sai kanel ya bi kiraye-kirayen nan ya mayar da su umarnin wofi, wanda ake ce wa NOP, da furosesa ke tsallakewa kamar babu shi. Ranar da aka so bin sawu, sai a mayar da kiran, a gaɓoɓin da aka zaɓa kaɗai.

Abin da daɗin faɗi, amma an sha wuya kafin ya zauna. A 2008, lokacin gwajin 2.6.27, wasu masu gwaji suka tarar katin sadarwar kwamfutocinsu na Intel, mai amfani da manhajar direba ta e1000e, ya mutu murus. An daɗe ana lalube kafin a gano bakin zaren. A tsarin farko, wani ɗan aiki ne ke farkawa lokaci-lokaci ya gyara adireshin da ya tara. To wani adireshin an riga an sake shi an ba katin, sai gyaran ya faɗa cikin ma'ajiyar katin ya ɓata ta. Aka rufe wannan hanya, aka koma tattara jerin ƙofofin tun lokacin haɗa kanel. A ganina daga wannan rana ce al'adar masu wannan aiki ta samo halinta na tsantseni. Duk wanda ya zo da sabuwar dabarar sauya umarni, tambayar farko da zai sha ita ce: in wata furosesa tana tsakiyar karanta wurin a daidai lokacin da ka taɓa shi, me zai faru?

Wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya, domin kowace ƙirar furosesa da dokokinta. Shi ya sa ake sake aikin daga tushe a kan kowace ƙira. A x86, ƙirar Intel da AMD, kira bayit biyar ne, kuma adireshin komawa kansa yake ajiye kansa. Tun 2012 suka samu kiran da ke zaune a bakin gaɓa kafin ta taɓa komai, wanda a kansa aka gina gyaran kanel ba tare da kashe na'ura ba, a fitowa ta 4.0 cikin 2015.

ARM mai bit 64 kuwa a 2012 ɗin ta shigo Linux, kuma sai 2014 Akashi Takahiro na ƙungiyar Linaro ya kawo mata ftrace. An samu bin sawu, amma da tawaya, domin kiran yana zuwa ne bayan gaɓa ta riga ta fara shirinta, ta yiwu ma ta motsa saƙon da aka aiko ta da shi. Kana iya sanin an shiga, ba ka da tabbacin abin da aka shiga da shi. Me ya hana a matsar da kiran bakin ƙofa kamar na x86? A ARM, adireshin komawa yana zaune ne a wata rijista guda mai suna x30, kuma duk sabon kira sai ya taka abin da ke cikinta. In ka yi kira tun farko, gaɓar ta manta hanyar gida.

Maganin da aka yi yana burge ni saboda ƙanƙantarsa. GCC ta 8, ta 2018, ta ba da damar barin gurabe na wofi a farkon gaɓa. Torsten Duwe na kamfanin SUSE ya ɗauki gurbi biyu, kowanne bayit huɗu, Mark Rutland na kamfanin Arm ya tace aikin, ya shiga fitowa ta 5.5 a farkon 2020. Gurbin farko yana kwafe adireshin komawa zuwa rijistar x9, wadda ƙa'idar ƙirar ta ce babu mai dogaro da ita a wannan lokaci. Shi ana rubuta shi sau ɗaya a bar shi, tunda ba ya cutar da kowa. Na biyun ne kaɗai ake juyawa tsakanin wofi da kira, kuma wannan juyi yana cikin ƴan kaɗan da littafin ƙirar ARM ya halatta a yi alhali wasu furosesoshi na gudu. Bayit takwas, amma sai da aka shekara kusan shida kafin a kai gare su.

Ba a tsaya nan ba. Kiran ARM ba ya wuce nisan megabayit 128 gaba ko baya, don haka ba kowane mai bin sawu ake iya kira kai tsaye ba. A 2023 Rutland ya sa aka riƙa ajiye adireshi dab da gaban kowace gaɓa, mai nuna wanda ya nemi a sanar da shi, sannan Florent Revest na Google ya ɗora kiran kai tsaye a fitowa ta 6.4. Masu wata ƙirar furosesa, RISC-V, wadda ta shigo Linux a 2018, nasu ya fi wuya, domin kira mai nisa a wurinsu umarni biyu ne, kuma ana iya katse aiki tsakanin na farko da na biyu. Sun daɗe suna tsayar da na'ura gaba ɗaya kafin kowane juyi.

Wasu na ganin wannan tafiyar hawainiya ce, kuma gaskiya ne cewa ƙirar da ta fi yawa a hannun talakawan duniya ta daɗe a baya, saboda idon masu kuɗi ya fi karkata ga manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet. Amma ban yarda jinkirin duka sakaci ba ne. Akasarinsa bita ce: a kawo aiki, a mayar da shi, a sake kawowa, har sai an tabbata ba zai kashe wayar wani ba. Kayan awon da ke lalata abin da ake aunawa gara babu shi.

Damuwata tana wani wuri ne. Duk mai Android zai iya shiga saitin wayarsa, sashen bayanin waya, ya ga lambar kanel. A wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwanninmu daga Ƙonni zuwa Illela, ba abin mamaki ba ne ka ga 4.14 ko 4.19, wato kanel na 2017 da 2018, waɗanda suka girmi gyare-gyaren ARM na 2020 da 2023. Ko a sababbi, galibi ana fitar da waya ne da bin sawun gaɓoɓi a rufe. Abin da ake bari shi ne rubuta wasu zaɓaɓɓun al'amura, irin su sauyin aiki a kan furosesa, wanda manhajar Perfetto ke karantawa ta zana. Wannan kansa ba ƙaramin abu ba ne, domin yana iya nuna manhajar da ke hana waya barci da dare. Amma sauran yana hannun kamfani, duk da cewa lasisin GPL ya wajabta wa mai sayar da na'ura ya ba da rubutun kanel ɗin da ya saka mata.

Ɗalibi a jami'ar Tawa ko ta Maraɗi ba sai ya jira kamfanin ba. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ita ma ƙirar ARM ce, kuma ana ɗora mata sabon kanel. Ya shiga /sys/kernel/tracing, ya rubuta function_graph cikin fayil ɗin current_tracer, ya buɗe fayil ɗin trace. Layuka za su zubo, kowanne da sunan gaɓa, na ciki sun ɗan matsa dama ƙarƙashin wadda ta kira su, a gefe kuma tsawon lokacin da kowace ta ci, da alama a gaban waɗanda suka daɗe fiye da kima. Daga nan sai ya taƙaita awon a kan gaɓoɓin USB, ya soka filas, ya karanta abin da kanel ya yi tun daga lokacin da ƙarfe ya taɓa ƙarfe.