Ruwan Bunu da Haɗin Kauri: Shayi Biyu a Indabo

Wanda ya saba zama a bencin mai shayi a Indabo bayan sallar asuba, musamman da hunturu, ya san tambayar da ake tarbarsa da ita: "Malam, haɗi ko ruwan bunu?" Ruwan bunu shi ne shayin da ba a sa masa madara ba. Haɗi kuwa shi ne wanda aka zuba wa madara da Bournvita ko Milo, mai shayi ya yi ta sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kauri. Masu haɗi na ganin ruwan bunu alamar aljihu ya bushe ne. Masu ruwan bunu na cewa mai haɗi kunu yake sha. A ganina duka ɓangarorin sun kuskure, domin abubuwa biyu ne dabam suka ci suna ɗaya, kuma ba ta hanya ɗaya suka iso ƙasar Kano ba.

Haɗi ta kudu ya hauro. Baƙin shayi da madara ɗabi'ar Turawan Ingila ce, kamfanoni kuma suka shimfiɗa mata hanya. Madarar Peak ta shigo kasuwar Najeriya a 1954, amma gwangwani ba na kowa ba ne. Abin da ya kai haɗi ƙauye shi ne ƙaramar leda: a 1993 aka fara sayar da garin madarar Cowbell a 'yan ƙananan ƙulli, sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga nan manomin da zai wuce gona da ɗan kasuwar da zai sammaka Wudil ranar Juma'a suka sami karin kumallo mai sauri. Haɗi da burodi da wainar ƙwai abinci ne, kuma wanda zai yini yana noma bai yi laifi ba idan ya nemi kofin da zai riƙe masa ciki.

Ɗaya shayin, marar madara, ta Sahara ya gangaro. Koren ganyen Sin ne, wanda ya bazu a Maroko a ƙarni na 19, ayarin raƙuma suka yaɗa shi cikin Larabawan hamada da Buzaye. Farin da ya kai maƙura a 1973, da na 1984, ya kashe dabbobin Buzaye, da yawansu suka sauko Kano suna aikin gadi. A ƙofar gidajen da suke tsaro ne samarinmu suka ga 'yar butar shayi a kan garwashi da 'yan mitsi-mitsin kofunan gilashi. A Damagaram da Yamai, majalisun matasa da ake kira fada sun ginu ne a kan wannan butar tun shekarun 1990. Mu ma a nan, inda addini ya hana giya, dokar Shari'a ta 2000 kuma ta ƙara jaddada hanin, shayi ne abin da majalisa ke kewayewa.

Wannan shayin yana da ladabinsa. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Na farko baƙi ƙirin, da ɗaci da bauri, yana kore barci. Na biyu ya lafa, na'a-na'a ta fara fitowa. Na uku zaƙi ya rinjaya. Mai dafawa yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa, ya mayar, ya sake, har kumfa ta hau kan kowane kofi, sannan a fara miƙa wa babba. Awa guda ko biyu na iya tafiya a kan abin da bai cika moɗa ba. Wanda ya sha na farko ya miƙe ya yi wa mai buta rashin kara, domin ai zaman ake so.

Sai dai masu taƙama da shayi zalla su sassauta. Sukarin da ke shiga butar Buzaye ba kaɗan ba ne, ruwan bunun teburin mai shayi kuma da wuya ka same shi babu citta, kanumfari ko masoro. Kowa haɗi yake yi. Bambancin yana ga abin da haɗin ke yi wa ganyen. Kayan ƙamshi suna tafiya tare da baurinsa. Madara kuwa danne shi take yi: furotin ɗin cikinta yana kama sinadarin tanin, wanda shi ne ke ɗaure harshe. Shi ya sa da madara ganye mai kyau da ƙurar ganye kusan ɗanɗanonsu ɗaya, kuma mai shayin da ya san haka ba shi da dalilin neman mai kyau. Nan ne nake jin muna asara, don yara da yawa sun tashi ba su san ɗanɗanon shayi ba sai na koko da sukari.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai. Indabo tana ƙaramar hukumar Wudil, mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa, amma madarar da ke cikin kofinmu gari ce da akasari daga ƙetare ake kawo tushenta, wata ma an cire mata man shanu an maye gurbinsa da man tsirrai. Ganyen ma haka, alhali a Kakara da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba ana noman shayi, shi ne ake sayarwa da sunan Highland Tea. Duk lokacin da na zauna a benci nakan roƙi mai shayi ya fara tsiyayo mini rabin kofi na ruwan ganyen kafin ya taɓa gwangwanin madara. Idan ya yi ƙamshi, nakan ce ya bar shi haka.