Shaihu Umar da Makullin Shekara 70

Jama'ar Ƙofar Dumi, mu da ke alfahari Abubakar Tafawa Ɓalewa namu ne, ga kabarinsa nan cikin gari, gida nawa ne a unguwar nan ke da littafinsa, Shaihu Umar?

Littafin ya fito a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja. Ɗan ƙarami ne, zama ɗaya ake karance shi. A namu ganin, ba Umar ne ya riƙe labarin ba. Shi kam salihi ne tun farko har ƙarshe, da wuya ka ga ransa ya motsa. Uwar ce. Matar da aka sace wa ɗa, ta bi sawunsa har ta ƙetare Sahara, ita ma ta faɗa bauta, ba ta sake sa shi a ido ba sai dab da ajalinta. Marubucin ya taƙaita wannan tafiya ƙwarai, alhali ita kaɗai ta isa littafi guda, ko fim, ko wasan rediyo.

To, amma fa akwai makulli. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta bar wa'adin littafi yadda yake: shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. An kashe Ɓalewa a Janairun 1966, saboda haka sai 2036 ta ƙare littafin zai zama na kowa. Ya haura shekara 100 ke nan a kulle! Kafin nan, mai son bugawa ko fassarawa ko yin fim sai ya nemi izini.

Ba mu ce dokar banza ce ba, gumin mutum ai na magadansa ne. Sai dai wa take tsayarwa? Ɓarawon littafi ba ya neman izinin kowa. Ya buga a takardar banza, rubutu dishi-dishi, magada ba su ga ko kwabo ba. Wanda ke tsayawa shi ne mai tsoron Allah: malamin da ke son buga wa ɗalibai mai araha, ko yaronmu mai kyamara da bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ta iyali ko ta kamfanin NNPC na Zariya.

Dubi fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976. Doka ta hana kwafarsa, ba ta hana shi ɓacewa ba. Sai a 2016 aka gano shi a wata ma'ajiyar finafinai, aka gyara a Jamus, aka nuna a Berlin a 2018. Jamusawa sun riga 'ya'yanmu kallo.

Wanda makullinsa zai fara buɗewa shi ne Malam Sa'adu Zungur, shi ma ɗan garin nan. Ya rasu a 1958. Daga 1 ga Janairu 2029 duk mai injin ɗab'i na iya buga waƙoƙinsa, amma baitocin kawai, don sharhin da Ɗandatti Abdulƙadir ya wallafa a 1974 yana da nasa wa'adin. Tsoronmu shi ne masu gaggawa su cika kasuwa da baitoci gurgu. Don haka wanda ke da tsohon kwafi a adakar gidansu, na boko ko na ajami, don Allah ya fito da shi a gwada da sauran tun yanzu.