Littafin Gaudio a Kan 'Yan Daudu, da Zancen Asibiti

A shekarar 1993 wani masanin harshe Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya sauka Kano, ya zauna da 'yan daudu, yana sauraron maganarsu. Abin da ya tara ya fito cikin littafinsa na Turanci, Allah Made Us, watau Allah ne ya yi mu, a 2009.

Mutumin Kabara, unguwar malamai da almajirai inda gidan Shehu Nasiru Kabara ya ke, lalle zai ji nauyin wannan suna. Amma littafin bai yi fatawa ba, labari ya bayar. Ya nuna ɗan daudu yana sayar da abinci a tasha, yana salla da azumi, yana neman kuɗin aikin Hajji. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Ya kuma bambanta daudanci da neman maza, zama ba kowane ɗan daudu ke yinsa ba. Nan ne ƙarfin littafin: talauci da tsoron hukunci da kunyar dangi duka a kan mutum guda su ke taruwa.

Aibinsa biyu ne. Na fari, da Turancin jami'a aka rubuta shi, saboda haka waɗanda a ke zancensu kaɗan ne za su iya karantawa. Na biyu kuwa ba laifin mawallafi ba ne, zamani ne ya wuce shi. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga mai goyon bayan ƙungiyoyinsu. Binciken da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya nuna cikin maza masu neman maza, waɗanda ke tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 38. Alhali kuwa binciken gwamnati na 2014 ya sami ƙwayar cutar ƙanjamau a jikin kusan kashi 23 cikin ɗari nasu.

To, mai aure da ya ƙi awon jini don tsoro, gida ya ke kai cutar, ga matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, har ga jaririnta. Maganin da ke danne ƙwayar yana nan, amma sai ga wanda ya yarda ya je.

Malamai suna da hukuncinsu a kan wannan aiki, littafin bai kau da shi ba. Aikin likita dabam ne: ya ba da magani, ya rufa asiri. Kadan gemun maƙwabci ya kama wuta, mai hankali ba ya tsayawa tambayar laifin mai gemun. Allah ya kyauta.