4.3 Sharhi Kan Amfani da Launi Wajen Bayyana Siffar Umarni

A sashen da ya gabata an nuna cewa siffar umarni a harshen kwamfuta ta ƙunshi abubuwa uku: sunan umarnin, da abubuwan da ake ba shi, da irin sakamakon da yake mayarwa. A nan za a duba yadda littattafan jagora ke rarrabe waɗannan sassa da launi, da kuma ko wannan dabara ta dace da ɗalibin Barnawa ko Kakuri.

Misali mafi fitowa fili shi ne harshen Scratch, wanda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. A cikinsa umarnin motsi shuɗi ne, na lissafi kore, na kamanni kuwa shunayya. Babu shakka wannan na taimaka wa mai koyo, domin ido kan gane rukunin umarni tun kafin a karanta shi.

Sai dai akwai rauni iri biyu. Na farko, ɗalibi kan karɓi darasinsa ne a takardar fotokwafi, wadda baƙi da fari kawai ta sani. Da zarar shafi ya bi ta injin, shuɗi da kore duk sun koma ruwan toka, bayanin da aka rataya a kansu ya ɓace. Na biyu ya shafi harshe. Scratch na da shuɗi iri biyu, na motsi da na ji, haka kuma launin umarnin sarrafawa da na ma'ajin ƙima sun yi kusa da juna. Malamin da ke bayani da Hausa, idan ya ce "shuɗi" ko "ruwan lemo", bai raba gardama ba. Ga kuma ɗalibin da idonsa ba ya bambance ja da kore.

Idan aka kwatanta da littafin jagorar harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, za a ga ana rubuta sunan umarni da kaurin baƙi, abubuwan da ake ba shi kuma da karkataccen rubutu. Wannan bambanci na tsira daga injin kwafi. Shi ma Scratch yana da irin wannan kariya a siffar tubalansa: mai kama da ƙwai na ƙima ne, mai kusurwa shida na amsar i ko a'a. Ƙa'idojin WCAG na 2008 ma sun hana a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo.

Bisa ga wannan, ana iya cewa launi ɗan rakiya ne, ba shi ke ɗauke da ma'ana ba. Duk mai rubuta jagora da Hausa ya kamata ya ambaci sunan kowane sashe a fili, sannan ya gwada shafinsa a injin fotokwafi kafin ya miƙa wa ɗalibai.