Fina-finan da suka san inda za su tsaya

Idan ka tambayi matashi a Kano ko Maraɗi me yake kallo a 'yan shekarun nan, da wuya ya ambata maka fim. Zai ce Labarina, ko Izzar So, ko Manyan Mata, ko Garwashi. Duk shirye-shirye ne masu dogon zango, waɗanda ake saki kashi-kashi duk mako, wani ya yi shekara uku ana bugawa, wani ya zarce biyar. Fim ɗin da mutum zai zauna bayan sallar isha ya kalla daga farko har ƙarshe, ya tashi da labarin gaba ɗaya a kansa, ya zama baƙo a masana'antar Kannywood. Wannan abu yana damuna, domin ina ganin muna gab da rasa wata gwaninta da muka taɓa iyawa.

Ba son rai ne ya kai 'yan fim ga wannan hanya ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zamanin Sangaya da Wasila, kasuwar fim ɗin Hausa a kan kaset ta tsaya, daga baya ta koma faifai, kuma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ne ƙashin bayanta. Da wayoyi masu kati suka cika hannun jama'a, sai masu tura fina-finai suka buɗe shaguna a kowane lungu, fim ya fito da safe, kafin la'asar an tura wa dubban mutane a kan 'yan canji, wanda ya zuba jari kuwa ko kuɗin man mota bai mayar ba. Sinimomi ba su da yawa a Arewa, waɗanda ake da su ma mutane da dama ba sa ganin mutuncinsu. Sai ga Arewa24 ta buɗe a 2014, Dadin Kowa ya nuna cewa mutanenmu za su iya bin labari ɗaya shekara da shekaru. Zaman kullen korona na 2020 ya ƙarasa aikin: kowa yana gida, kowa da waya a hannu, YouTube kuma tana biya gwargwadon yawan masu kallo. Furodusa ya gane cewa abincinsa yana cikin dawowar mai kallo kowane mako. Wanda ya ƙare labarinsa da wuri, kansa ya yi wa.

Kuma dogon zangon ya yi mana rana, ba zan ci hakkinsa ba. Kwana Casa'in, a zangonninsa na farko, ya faɗi abubuwa game da siyasa da asibitocin gwamnati da aikin jarida waɗanda fim ɗin soyayya bai taɓa kusantarsu ba, kuma Sani Mu'azu ya sa mutane sun tsani Bawa Maikada kamar gwamnan gaske. Aminu Saira ya ɗaga darajar hoto da sauti a Labarina har sauran suka ga dole su bi sahu. Rabi'u Rikadawa ya samu filin da zai baje basirarsa a matsayin Baba Ɗan Audu, abin da awa biyu ba za ta ba shi ba.

Amma ka zauna ka lura da kashi ɗaya na yawancin shirye-shiryen nan. Za a fara da tuna maka abin da ya faru makon jiya. Sai hoton gadar sama daga jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi. Sai mota ta tsaya a bakin ƙofa ta yi ham, maigadi ya fito da gudu, ya leƙa, ya koma, ya buɗe ɓangare ɗaya, ya buɗe ɗayan, motar ta shiga a hankali, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, ya amsa gaisuwar maigadi, ya shiga falo, Hajiya ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi ya hanya, ya tambayi ya yara. An ci minti huɗu ba a ce komai ba. Daga nan tallan maganin gargajiya ko na filaye ya shigo. Da aka dawo, sai Hajiya ta kira ƙawarta a waya ta ba ta labarin abin da mu masu kallo muka gani da idonmu ɗazu. Labarin da ya kamata ya ƙare a kashi goma sha biyu sai a yi ta ƙara masa ruwa kamar miyar gidan da baƙi suka yi wa yawa. Wani lokaci jarumi ya yi saɓani da furodusa ya tafi, a kashe shi a hatsarin mota ko a kawo wata fuska a ce ita ce shi. Marubucin da bai san ranar da zai rufe labarinsa ba, ba zai iya auna nauyin kowace fitowa ba, domin ƙarshe shi ne ke gaya wa marubuci abin da zai ajiye da abin da zai zubar.

Shi ya sa in aka ce in ba da shawarar abin kallo, nakan ambaci fina-finan da suka san inda za su tsaya. Na farkonsu a wajena ba daga Kano ya fito ba, daga Damagaram ne.

Zinder, wanda Aïcha Macky ta fitar a 2021, fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, kuma da Hausa mutanen cikinsa suke magana. Aïcha haifaffiyar garin ce, amma ta ɗauki kyamara ta shiga Kara-Kara, unguwar da asalinta wurin da ake ware kutare ne, wadda 'ya'yan manyan gari ke girma ba su taɓa taka ta ba. A can ta zauna da matasan da kowa ke kira 'yan daba. Akwai Siniya Boy da abokansa masu ɗaga ƙarfe, waɗanda suka laƙaba wa ƙungiyarsu sunan Hitler ba tare da sun san ko wane ne shi ba, burinsu kawai su kafa kamfanin gadi su samu abin sa wa a baka. Akwai masu fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya, da masu fasa dutse, da matan da rayuwa ta jefa gidajen karuwai. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kyamara ke matsawa dab da fatar jikinsu, tana bin tabon wuƙa da na adda ɗaya bayan ɗaya. Ba kiɗan tausayi, ba mai wa'azi a gefe. Tabon ne kawai da numfashin mai shi. Aïcha ba ta wanke su ba, domin akwai wanda ya faɗi da bakinsa irin ta'asar da suka yi wa mata, kuma za ka ji tsigar jikinka ta tashi. Amma ba ta bar ka ka tsaya daga nesa kana Allah wadai ba. Duk wanda ya san unguwannin da daba ta yi wa katutu a Kano ko Kaduna zai gane waɗannan yaran, zai gane iyayensu, zai kuma gane irin shirun da sauran gari ke yi a kansu. Cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi ta gama abin da za ta faɗa. Fim ɗinta na baya ma, wanda ta yi a 2016 kan matan da ba su samu haihuwa ba, ta sa kanta a ciki, ya cancanci a neme shi, musamman ga mazan da ke ganin wannan matsala ta mata ce su kaɗai.

Na biyu shi ne The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020. Sunan Turanci ne, amma kusan duk maganar ciki Hausa ce, da ɗan Fulatanci da Larabci. Mai fim ɗin ya ce hoton 'yan matan Fulani biyu masu tallan nono da ke bayan takardar naira goma ne ya sa shi tunanin me zai faru da su idan 'yan tayar da ƙayar baya suka faɗa wa rugarsu. Daga nan aka samu Aisha da Zainab, 'yan uwan juna da harin ya raba. A jihar Taraba aka ɗauke shi, kuma kyan tsaunukan nan da koren ciyawa yana ƙara wa abin ciwo, domin kana ganin irin ƙasar da aka mayar filin kisa. Abin da ya ɗaga fim ɗin a idona shi ne Zainab. Da a hannun wani ne, da an mayar da ita abar tausayi mai kuka daga farko har ƙarshe. A nan kuwa ta rungumi aƙidar waɗanda suka sace ta, ta samu matsayi a cikinsu, har ta zama abar tsoro ga 'yar uwarta. Maryam Booth ce ta hau wannan matsayi, yarinyar da muka saba gani tun tana ƙarama a fina-finan Kano, kuma ta nuna cewa ba basira jarumanmu suka rasa ba, rubutu mai nauyi ne ba a cika ba su ba. Ta karɓi kyautar AMAA a kan wannan rawa, fim ɗin kuma ya lashe kyautar gwarzon fim na shekarar. Sai da hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta sa aka yanke minti 24 kafin a yarda a nuna shi a Najeriya. Yana da tsawo, kuma yadda yake komawa baya ya dawo gaba yana buƙatar natsuwa. Ba fim ne da ake kallo ana danna waya ba, kuma ba na yara ba ne.

Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, ya fi waɗannan sauƙin haɗiya. A Daura aka ɗauke shi, ya fito a 2024, labarin rikicin gadon sarauta ne a wata masarauta ta ƙirƙira mai suna Jallaba, inda sarki ya so 'yarsa Sangaya ta gaje shi, ga kuma Adam A. Zango a cikin 'yan wasan. Labarin fada da makirci ba sabo ba ne a wajenmu. Abin da ya sa nake cewa a kalla shi ne ganin dawaki da rawuna da ginin ƙasa da zaurukanmu an ɗauke su da irin kulawar da ake ɗaukar tarihin wasu al'ummu.

Akwai wani abin lura a nan. Daga 2019 zuwa 2024, fim huɗu Najeriya ta tura gasar Oscar a rukunin fina-finan ƙasashen waje: Lionheart, wanda aka cire saboda Turanci ya yi masa yawa, sai The Milkmaid, sai Mami Wata, sai Mai Martaba. Biyu cikin huɗun da Hausa aka yi su. Babu wanda ya kai zagayen ƙarshe, amma wannan bai rage komai daga abin da nake nufi ba: harshenmu da labaranmu sun isa a fita da su duniya. Abin da ke mini zafi shi ne duka biyun ba daga tsakiyar Kannywood suka fito ba. Ovbiagele ma'aikacin banki ne ɗan Kudu kafin ya koma fim, Aboki kuwa a gidan rediyo aka san shi. Manyan daraktocinmu, waɗanda suka fi kowa sanin yadda Bahaushe ke magana da yadda yake yin shiru, suna can suna fama da kashi na tamanin da wani abu.

Ga wanda ba ya ƙin karanta fassara a ƙasan hoto, zan ƙara da Goodbye Julia na Mohamed Kordofani, ɗan Sudan, wanda aka nuna a bikin Cannes a 2023. A Khartum labarin yake, daga tarzomar da ta biyo bayan mutuwar jagoran 'yan Kudu John Garang a 2005 zuwa gab da ɓallewar Sudan ta Kudu. Mona, matar aure 'yar Arewacin Sudan, ta zama sanadin kashe wani ɗan Kudu, sai ta ɗauki matarsa Julia aikin gida ba tare da ta gaya mata gaskiya ba. Gida ɗaya, mata biyu, miji mai kishi, da ƙarya guda da ke girma kullum. Wannan kayan labari ne irin wanda marubutanmu ke juyawa kowace rana, na zaman aure da 'yar aiki da sirri. Kordofani ya ɗora tarihin rabuwar ƙasa gaba ɗaya a kansa, ya sauke cikin awa biyu. Har kwanon da aka ware wa 'yar aiki a kicin yana da abin da yake faɗa.

Na san amsar da furodusa zai ba ni: wa zai biya? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na raina ta. Amma mu masu kallo ma muna da laifi. Duk muhawararmu a kan fim ba ta wuce tarbiyya. A watan Mayun 2025, da hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina da Dadin Kowa, an yi ta ce-ce-ku-ce a kan doka da ɗabi'a da abincin mutane. Ban ƙi a yi wannan magana ba. Sai dai da wuya ka ji ana gardama a kan ko labari ya ginu, ko wannan fitowar tana da amfani, ko an ƙare inda ya dace. Abin da ba a tambaya ba kuwa, ba mai wahalar da kansa ya kawo shi kasuwa.

Fina-finan nan da na ambata ba su da sauƙin samu kamar shirin da ke zuwa wayarka kyauta duk Juma'a, sai an ɗan nema. A nan ne nake ganin sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Damagaram za su iya taimakawa, su nemi izinin masu su, su riƙa nuna su ga ɗalibai da mutanen gari. Gidajen kallon ƙwallo ma suna nan a kowace unguwa da allo da kujeru da janareto, kuma ba kullum ake wasa ba. Ga masu shirya dogon zangon kuma, roƙona ɗaya ne: duk wanda shirinsa ya kawo masa riba, ya ware wani abu ya yi fim guda a shekara, mai farko da ƙarshe. Aminu Saira da ya yi Ga Duhu Ga Haske tun kayan aiki ba su kai na yau ba, ina so in ga abin da zai yi da awa biyu da kyamarorin da ke hannunsa yanzu.